Tafinta a Yaba

Ranar Talata aka kira ni ɗaki na shida.
Fanka na juyawa kamar an yi mata dole.
Dakta Oyelade ta turo mini takarda,
tambaya ashirin da ɗaya, kowace da akwatunanta,
sifili, ɗaya, biyu, uku.
Ta ce, ki faɗa yadda ya faɗa, ban da ƙarin gishiri.

Lawandi na zaune, hula a kan gwiwa,
mai albasa ne a kasuwar Mil Sha Biyu,
warin buhu bai saki rigarsa ba.
Tanimu, abokin kwanansa, shi ya kawo shi,
wai wata uku ke nan ba ya runtsawa,
yana ba da canjin da ya fi kuɗin ciniki.

Yau wace rana? Talata.
Ina muke?
Ya dubi ƙarfen taga, ya ce,
inda ake kawo wanda aka gaji da shi.
Na juya na ce wa likita, ya ce asibiti.
Ƙaryata ta farko ke nan.

Cire bakwai daga ɗari, ka yi ta cirewa.
Casa'in da uku, tamanin da shida, saba'in da tara,
ya gangara har biyu bai yi tuntuɓe ba.
Ya ce, Hajiya, da lissafi ne ciwon
ai da ban zo ba.

Kana jin muryoyi?
A Ikko? Wa ba ya ji?
Kwandasta na ihun Oshodi, janareton maƙwabta,
mai wa'azi da lasifika tun kafin assalatu.
Likita ta yi shiru. Matar nan ta iya jira,
ta iya barin shiru ya nuna kamar gwanda.
Can ya ce, Ilu.
Ƙanena ne. Tirela ta bi ta kansa a Ojota.
Ni na saya masa babur ɗin.
Cikin dare yakan ce, Yaya, rufe albasar,
hadari ya haɗu.

Daga waje kake jin ta, ko daga cikin kai?
A kan wannan gaɓa takardar ta rabu biyu,
hagu suna ɗaya, dama wani suna,
kowane da ƙwayarsa.
Ya dube ni, ba ita ba.
Ya ce, in kin taɓa binne naki, kin sani.

An ce a wata ƙasa mai sanyi aka auna takardar nan,
a kan ɗalibai dubu da wani abu.
Ban sani ba ko akwai ɗaya a cikinsu
da ya taɓa kwana a bayan motar albasa
yana komawa Aliero da takalman ƙaninsa a leda.
Ya ce an ɗora masa dutsen niƙa a ƙirji.
Dutsen niƙa biyu ne, ko uku?

Likita ta ce in ba shi karin magana ya warware.
Na ce, komai nisan jifa.
Ya ce, haka ake faɗa.
Nawa dai har yau yana sama.

Ta ajiye biro, ta ɗauki fensir.
Ta ce baƙin ciki da ciwo kan sa riga iri ɗaya,
zama guda ba ya raba su.
A ɗibi jini. A tambayi Tanimu yadda yake bara.
Ya dawo bayan sati biyu, kada ya kwana shi kaɗai.
Wurin sunan cuta ta bar shi fari.

Da suka fita na ce, Dakta, ba asibiti ya ce ba.
Na faɗa mata abin da ya ce.
Ta goge nawa, ta rubuta nasa,
ta ja layi a ƙasa.

A danfo, hanyar Agege, cunkoso ya riƙe mu.
Akwai ragowar takarda a jakata.
Tambaya ta sha shida, barci.
Na daɗe ina kallon akwatunan.
Na sa biyu.